Hancin Lawwali Ya Maƙale a Maraɗi

Duk wanda ya san Magama ya san ba a gaisawa da Lawwali mai turare a tafi haka nan. Kana miƙa hannu da zuciya ɗaya, shi kuwa tuni ya ɗiga abinsa a tafin hannu, sai ya kama naka da hannu biyu ya murza, yana tambayar gida da iyali har da awakin da ba ka da su. Kafin ka ƙwace ka riga ka zama tallansa. Za ka shiga mota kana ƙamshi, ka sauka Katsina kana ƙamshi, matarka ta tare ka da tambayoyi. In ka ce za ka noƙe, sai ya zaro ido ya tuna maka cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ya mayar da turare, to kai wane ne? Da wannan magana ya shafe direbobi, ya shafe 'yan kwastan, ya shafe mutanen tsallaken iyaka, 'yan Nijar, da ke leƙowa sayen goro. Akwai wani mai faci da ya yi shekaru yana kewayawa ta bayan tasha don gudun hannunsa. Ranar da aka yi masa haihuwa Lawwali ya bi shi har gida ya yi masa barka.

Teburinsa yana bakin titin da ya miƙe zuwa shingen iyaka, tsakanin mai shayi da masu sayar da fetur a kwalba. Ubansa goro ya sayar, goro kuma ya so ɗansa ya gada, amma Lawwali tun yana saurayi ya ɗauki farantin 'yan kwalabe ya shiga kasuwar Jibiya ta Lahadi, bai sake waiwayar goro ba sai don ci. A nan ya samu sunan da ya fi ƙauna a duniya: Hanci. Direba zai diro daga tirela, Lawwali ya runtse ido ya ce, albasa ka ɗauko, ka tsaya Maraɗi ka ci kilishi, kuma yaron motarka bai yi wanka ba. A duba a ga haka ne. Masu haɗa lefe kan kawo masa kwalba ya shinshina, in ya ce jabu ce, to mai kantin da ya sayar ya shiga uku.

Sai shekarar korona ya yi wata mura. Ta kwantar da shi, ta tashe shi, ta tafi da abin da ta zo ɗauka. Wata safiya matarsa Salmatu tana kaɗa miyar kuka, ya tsaya a kan tukunyar bai ji komai ba. Ya shiga ɗaki ya buɗe almiski, shiru. Ya fita ya sunkuya a kan jarkar maƙwabcinsa mai fetur kamar zai gyara takalmi, nan ma shiru. Ya dawo gida ya rufe ƙofa ya yi kuka, kukan babban mutum wanda ba ya da sauti. An yi hayaƙin habbatus sauda, an yi tafarnuwa, an je asibiti Katsina a ɓoye. Hanci dai yana nan a fuska, dogo kamar kullum, amma ya ajiye aiki.

Ba wanda ya sani sai Salmatu. Ita mutuniyar Maraɗi ce, ta daɗe tana haɗa humra da turaren wuta tana sayar wa mata a cikin gida, sai kawai ta karɓi aikin ba tare da an yi zama a kai ba. Duk sabon kaya ta hancinta yake bi. Ta ce wannan akwai sandal, wannan an tsinka shi da yawa, wannan ba zai kai la'asar a jikin riga ba. Lawwali ya haddace, ya fita, ya runtse ido a gaban jama'a ya maimaita yana girgiza kai. In aka kawo masa kwalba a duba, sai ya ce turare ba a yanke masa hukunci a tsaye, a bar shi ya kwana. Mutane suka ce kai, Hanci ya ƙara zurfi. Direbobi kuwa da ido ya koma karanta su, don ɓawon albasa ba ya ɓuya a takalmi. Abin haushin shi ne, da tafiya ta yi tafiya, mutumin nan har yakan zauna ya yi wa Salmatu bayanin turare da kalmomin da ita ta ba shi da safe. Takan ce, "Haka ne, Malam," ta ci gaba da tankaɗe.

A shekarun nan ne ciwon Dubai ya kama garin. Kowa ɗan Dubai yake so. Mai turin baro zai zo ya ce a ba shi ɗan Dubai, in ka ba shi kwalbar da ba rubutun Larabci sai ya ajiye. Lawwali kuwa ya fi kowa abin faɗa, don ɗan yayarsa Imrana yana aiki a wani kantin turare a can, kuma yakan aiko da saƙon murya mai tsawo kamar huɗuba. Daga nan Lawwali ya san cewa mutanen ƙasar ba sa shafa turare ɗaya. Mai a fata, na fesawa a riga, sannan a kawo kasko a turara gemu da mayafi. Baƙo ba ya barin gida sai an zagaya da hayaƙi. Mace za ta shigo kanti ta kwashi kwalabe yadda ake auna gero a Jibiya, wata mai zuwa ta dawo. Har gashi da nasa, har sabulu da man shafawa sai sun dace da turaren. Lawwali yakan saurari farkon saƙon, ya tsinci abin da zai yi talla da shi, ya kashe wayar. A bakinsa kuma labarin yakan koma kamar shi ya je.

Da bakin nan nasa ya jawo wa kansa. Ya yi shela cewa na kwali da ake kawowa duk na 'yan yawon buɗe ido ne, Imrana zai aiko masa da man udu na asali, man wani itacen ƙamshi mai tsada, wanda Larabawan ke ɓoyewa don kansu, kuma Juma'ar da ya iso sai ya shafa wa duk wanda ya shiga masallaci, kyauta.

Ana cikin jira ƙanwar Salmatu ta haihu a Maraɗi, ta tafi suna. Tana can aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Tireloli suka yi layi a titi har ido ya gaji, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mota suna dafa shinkafa. Kowa yana kukan kayansa da suka maƙale. Lawwali nasa kukan ba ya faɗuwa.

A makon nan kuma saƙon man udun ya iso ta Kano, direban da ya kawo ya miƙa masa a bainar jama'a, a gaban Manu. Manu taubashinsa ne, ɗan kawunsa, dillalin dabbobi a kara, kuma tun suna yara aikinsa a duniya shi ne ya ga Lawwali ya kunyata. Kafin azahar Manu ya gaya wa duk Magama cewa Juma'ar nan za a sha ƙamshin Larabawa.

Lawwali ya kewaya bayan teburi ya kira Maraɗi.

"Salmatu, saƙon Imrana ya iso."

"Madalla, Malam. Ka aje shi har in zo."

"Yaushe ke nan?"

"In anka buɗe."

"Mutane na bi ta daji bisa kabu-kabu."

"Mutane, ba ni ba. Ni da gwiwar ga tawa? Kuma maijego ko wanka ba ta gama ba."

"To ki hwaɗa mini mi zan ce musu."

"Kanga kwalbar ga wayar in shinshina," in ji ta. Ya ji dariyar mata a bayanta, ya kashe.

Ya buɗe kwalbar shi kaɗai. 'Yar mitsitsiya ce, man ciki baƙi ne mai kauri kamar maɗi. Ya kai hanci don al'ada. Ya ce a ransa, abin da sarakuna ke shafawa ai ba zai wuce sanyi da daɗi ba. Akwai sabon saƙon Imrana a waya, ya saurari gaisuwar da "Kawu, wannan shi ne na gasken," ya ga sauran da tsawo, ya mayar aljihu.

Ranar Juma'a ya sa farar shadda ya tsaya a ƙofar masallaci, ya tsinka man da ɗan wani mai don ya isa kowa, ya shiga kama hannuwa. Bai yi rowa ba, Allah ya sani.

To bari a faɗi abin da Lawwali bai sani ba. Man nan warin turke yake yi. Turken da bunsuru ya kwana a ciki bayan ruwan sama, a haɗa da majema. Na farko da aka shafa wa ya kai hannu hanci yana murmushi, murmushin ya tsaya a inda yake. Na biyu ya yi tari. Na uku ya ga abin da ya samu na biyu, ya so ya bi ta ɗaya ƙofar, Lawwali ya ɗaga murya ya tuna masa sunna, ya dawo ya miƙa hannu kamar mai karɓar allura. Ba wanda ya ƙi. Wa zai ƙi turare a ƙofar masallaci ranar Juma'a? Liman ya zo, ya karɓa, ya yi godiya, kuma kafin hancinsa ya ba shi labari hannunsa ya riga ya shafe gemu kamar yadda ya saba.

Lawwali ya ga idanu suna kawo ruwa, ya ɗauka abin ne ya ratsa su. Daɗi ya kama shi, ya runtse ido ya ja numfashi.

"Ku ji sanyi!" ya ce. "Kamar furen lemo da sassafe. Wanga shi na turare, sauran duk ruwa na."

An ce ba a taɓa gajarta huɗuba kamar ranar ba. Da aka sallame, wata akuya ta bi ladan har ƙofar gidansa.

Da la'asar Manu ya zo ya zauna a bencin Lawwali yana fifita da hula.

"Bawana, ashe Larabawan ga 'yan'uwana na, dillalai. Wallahi ina cikin sahu sai na ji ni a kara ranar Lahadi. Har na hwara waige-waige ina neman mai bunsurun in taya."

"Hassada," in ji Lawwali. "Kai da ka tashi cikin kashin shanu, ina ka san turare?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta sauka ciki ba. Matsalar taubashi ke nan: Manu ya shekara talatin yana kiran almiskinsa mafi kyau fitsarin jaki, to yau ta yaya za a gane ko gaskiya yake faɗa? Sai dai Lawwali ya lura ba wanda ya zo saye. Ya lura mai shayi ya ja bencinsa ya ƙara gaba. Tsoro ya shige shi sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar tukunyar miya. A duk duniya hanci ɗaya ya yarda da shi, ga shi kuma a wata ƙasa.

Da safiyar Asabar ya hau bayan babur ɗin wani ɗan kabu-kabu, suka bi ta gonaki cikin ayarin masu jarkoki, gero ya fi su tsawo, taɓo yana fallatsa. Hanyar ba ta wasa ba ce a shekarun nan, ya karanta duk addu'ar da ya sani. Da suka isa ƙofar gidan a Maraɗi, ya kakkaɓe riga, ya ga bai kamata a shiga gidan surukai haka ba, ya fito da kwalbar ya ƙara shafawa da kyau. Ya yi sallama a zaure.

Daga ciki wata tsohuwa ta ɗaga murya: "Wa ya bar ƙohwa buɗe? Bunsurun maƙwabta ya shigo, ku kore shi kar shi kai ga jinjiri!"

Salmatu ce ta fito da muciya. Ta ga mijinta. Ta ja mayafi ta toshe hanci.

"Malam, mi ka taka?"

Ya miƙa mata kwalbar. Ta buɗe, ta rufe da sauri.

"Wa da wa ka shahwa ma?"

"Kowa."

"Kowa wa?"

"Har liman. Ya sa ga gemu."

Salmatu ta zauna a dakalin zauren ta yi dariya har muciyar ta faɗi. Ta share hawaye ta ɗago za ta ƙara, sai ta ga fuskarsa, ta daina. Ta ce ya kawo wayar. Ita ta nemo saƙon Imrana, ta sa shi ya saurara har ƙarshe, karo na farko a rayuwarsa.

"Kawu, don Allah ka kula," in ji muryar. "In ka buɗe za ka ji kamar garke, kar ka tsorata, haka na gasken yake, kuma shi mutanen nan suke nema. Kan tsinke kawai ake ɗiga wa, a bayan kunne ko a gefen riga, sannan a ba shi lokaci. Sai ya daɗe yake juyawa. Kar ka shafa wa wanda bai saba ba, sai ka yi masa bayani."

Salmatu ta miƙa hannu ta cire hular kansa, wadda ya sa tun jiya. Ta kai hanci. Ta sake shinshinawa.

"Allahu akbar," ta ce a hankali. "Zuma. Da itace tsoho, da ɗan hayaƙi can ƙasa. Kamar jibda na, ɗanyarta wari, in ta kwana ta zama abin sarauta. Malam, ban taɓa jin irin wanga ba."

Lawwali ya saki numfashi. Har ya fara gyara zama, yana tsara yadda zai ce da gangan ya yi, don ya koya wa garin haƙuri.

"Mi ka ce musu lokacin da kake shahwawa?" ta tambaya.

"Na ce... furen lemo. Da sassafe."

Ta mayar masa da hularsa. "To duk mai hanci a masallacin ga ya ji abin da ka ce, ya ji abin da ya ji."

Ya roƙe ta ta biyo shi. Ta ce gwiwa, ta ce maijego, ta ce sai an buɗe. Ta haɗa masa man da sandal a wata kwalba, ta nuna masa iyakar abin da zai ɗiga, ta ba shi fura ya sha. Da zai tafi ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ni dai na gaji da zama hanci a ɗaka."

Ranar Lahadi ya buɗe teburi, sai ya ga mutane sun yi cincirindo. Ashe rigunan Juma'a sun kwana sun juya. Matan da suka jefar da su waje ranar Juma'a su ne suka ɗauko su ranar Asabar suka hana a wanke. Ladan ya zo da kansa yana tambaya ko akwai saura. Ba wanda ya tuna da furen lemo, don mutane in sun samu abin so ba sa tuna abin da aka ce. Lawwali ya dawo Lawwali. Ya runtse ido, ya yi bayanin zuma da tsohon itace da hayaƙi can ƙasa, ya ce ai turaren manya sai mai haƙuri.

Manu ne kaɗai bai manta da furen lemon ba. Ya zo ya tsaya dab da kafaɗarsa, ya yi ta tsayuwa, abin da bai taɓa yi ba. Da jama'a suka ragu, ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da ƙullin daddawa, ya ajiye a tsakiyar kwalabe.

"Tun hantsi take nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ƙudaje sun sani. Mai shayi ya sani. Kai kaɗai, Hanci."

Lawwali ya dubi daddawar. Sai ga Zubair, wani direba cikin waɗanda rufe iyaka ya zaunar, ya iso da kwalba mai ruwan zinariya a hannu. Ya ce lefe yake haɗawa, wani ya kawo masa wannan ya ce ɗan Dubai ne, mai ita yana can yana jira, a duba masa yanzu.

"Bar ta ta kwana," in ji Lawwali.

"Ba lokaci, Baba. Kai dai shinshina, kalma ɗaya ta ishe ni."

Mutanen da ke wurin mai shayi suka juyo. Lawwali ya karɓi kwalbar ya buɗe, ya ɗaga ta zuwa fuska. Ta gefen ido ya ga Manu ya ɗan matso, ya ja iska, ya girgiza kai kaɗan yadda ba wanda zai gani: jabu ce. Taubashin da ya jira wannan rana tun suna yara, yau ga ta a hannunsa, shi ne yake miƙo masa amsa a ɓoye. Abin ya taɓa Lawwali har cikin rai, ya kuma ba shi kunya fiye da duk wani tonon asiri. Wato daga hancin matarsa zai koma na dillalin awaki.

Ya rufe kwalbar ya mayar wa Zubair.

"Ɗana, ban jin komi. Tun korona ban ji ba. Hancin da kunka sani shina Maraɗi, sunanta Salmatu. In anka buɗe iyaka ka kawo mata."

Cokalin mai shayi ya tsaya a kofi. Zubair ya dubi kwalbarsa, ya dubi Lawwali, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya juya a hankali. Kafin ya kai motarsa labarin ya riga shi isa.

Manu ya zauna a benci. Hadari ya haɗo daga gabas, masu kaya suka shiga ja da leda, yayyafi ya fara sauka a kan titi. Duk wanda ke wurin ya ɗan ɗaga kai ya ja numfashi, har da Lawwali.

"Wanga hwa?" in ji Manu. "Ƙamshin ƙasa. Shi ma ba ka ji?"

"A'a."

"To mi ya sa ka ɗaga kai?"

"Na ga kun ɗaga," in ji Lawwali.